Zargin Son Kai a Kafar Yaɗa Labarai ta Jama'a: BBC da Zaurukan Muhawararta

Kafar yaɗa labarai ta jama'a ita ce wadda doka ta kafa, ake ɗaukar nauyinta da kuɗin al'umma, aka kuma ɗora mata wajibin yi wa kowane ɗan ƙasa hidima ba tare da ta zama kakakin gwamnati ko hajar masu talla ba. Da wannan ta bambanta da gidan rediyon gwamnati, wanda ma'aikatansa ke karɓar umarni daga ma'aikatar yaɗa labarai, ta kuma bambanta da tashar 'yan kasuwa, wadda ke bin son ran mai ita. Babu kafar da aka fi kafa misali da ita a wannan fage kamar BBC ta Birtaniya, kuma babu wadda aka fi jifa da zargin son kai na siyasa kamarta. Abin da wannan lacca ke son tabbatarwa shi ne cewa zargin yana da tushe biyu da bai kamata a cakuɗa su ba: ɗaya yana cikin zuciyar mai kallo, ɗayan kuwa yana cikin tsarin gidan kansa, wato a wajen zaɓen waɗanda ake gayyata, da tambayoyin da ake yarda a yi, da hannun da ke naɗa shugabanni ya kuma yanka kuɗin shiga.

An kafa BBC a 1922 a matsayin kamfani, sannan a 1927 ta zama hukuma a ƙarƙashin takardar izinin sarauta, wadda ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci bayan tattaunawa da gwamnati mai ci. Mafi yawan kuɗinta yana fitowa ne daga lasisin talabijin da gidaje ke biya, wanda ya kai fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025, kuma gwamnati ce ke ƙayyade adadin, ita ce kuma ke zaɓar shugaban hukumar gudanarwa. Tun kafin ta zama hukuma aka fara gwada ƙarfin 'yancinta. A yajin aikin gama-gari na 1926, lokacin da yawancin jaridu suka daina fitowa, minista Winston Churchill ya nemi gwamnati ta karɓe tashar baki ɗaya, shugabanta John Reith kuma ya tsare ta daga hakan, amma da tsada: an hana jagoran adawa Ramsay MacDonald na jam'iyyar Leba yin jawabi ta rediyo, an kuma jinkirta kiran sulhu na babban limamin cocin Ingila. Tashar ta tsira da sunan 'yanci ne ta hanyar yin abin da gwamnati ke so tun kafin a tilasta mata, kuma wannan ɗabi'a ta rusuna wa gwamnati don kada ta kai mata hari tana daga cikin abubuwan da masu suka ke nunawa har yau.

Daga nan rikicin bai yanke ba. Firaminista Anthony Eden ya fusata a 1956 da aka bai wa jagoran adawa Hugh Gaitskell damar mayar da martani kan yaƙin mashigin Suwez. Gwamnatin Margaret Thatcher ta zargi tashar da rashin kishin ƙasa a yaƙin tsibiran Falklan na 1982. Gwamnatin Leba ta Tony Blair kuwa ta yi faɗa da ita kan rahoton ɗan jaridarta Andrew Gilligan game da hujjojin yaƙin Iraƙi, har shugaban hukumar Gavyn Davies da babban darakta Greg Dyke suka sauka a Janairun 2004 bayan rahoton alƙali Hutton. A 2014 masu neman ballewar Sukotlan ne suka yi cincirindo a gaban ofishinta na Gilasgo suna cewa ta karkata ga masu son haɗin kan ƙasa.

Shugabannin BBC sun daɗe suna kafa hujja da wannan tarihi, suna cewa tunda dama da hagu duk suna kuka, to lalle tashar tana tsakiya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa mai tsananin ra'ayi yakan ga rahoto a matsayin abokin gaba ko da an yi adalci a cikinsa. A 1985 Robert Vallone da Lee Ross da Mark Lepper na jami'ar Stanford a Amurka sun buga sakamakon wani gwaji, inda suka nuna wa ɗalibai rahotannin talabijin iri ɗaya kan kisan gillar sansanonin Sabra da Shatila na 1982 a Labanan. Masu goyon bayan Isra'ila suka ce an zalunci Isra'ila, masu goyon bayan Larabawa suka ce an wanke ta. Dalilin shi ne kowane ɓangare yana ɗaukar ra'ayinsa a matsayin gaskiya tsantsa, saboda haka duk minti ɗaya da aka bai wa abokin hamayya, a wurinsa, an bai wa ƙarya ne. Sai dai wannan bincike ya bayyana dalilin yawan kuka ne kawai, bai wanke kowace tasha ba. Yana yiwuwa ɓangarori biyu su yi kuka alhali ɗaya ne aka cuta, yana kuma yiwuwa a cuci kowannensu a fage daban, kamar yadda wasu masu nazari ke cewa BBC tana karkata ga masu sassaucin ra'ayi na manyan birane a al'amuran zamantakewa, amma a tattalin arziki tana bin tunanin masu jari da baitulmali.

Inda batun ya fi fitowa fili shi ne shirin Question Time, wanda aka fara a 1979 da Robin Day a kujerar mai gabatarwa, David Dimbleby ya riƙe shi daga 1994 zuwa 2018, sannan Fiona Bruce ta gaje shi a 2019. Daren Alhamis ake watsa shi, kowane mako daga wani gari daban, inda yawanci mutum biyar ke zama a teburi mai lanƙwasa: wakilin gwamnati, da na babbar jam'iyyar adawa, da wani daga ƙaramar jam'iyya, da 'yan jarida ko marubuta ko 'yan kasuwa. Jama'ar zauren ba su shigo haka kawai ba, domin kowa sai ya cika takardar neman shiga, ya faɗi jam'iyyar da ya zaɓa da wadda yake shirin zaɓa, masu shirya shirin su tace, su haɗa taron da suke ganin ya yi kama da yanayin siyasar ƙasar. Kowa yana rubuta tambayarsa ya miƙa, su kuma su zaɓi 'yan ƙalilan. Mai kallo a gida yana ganin hannuwa a sama da tafi da ihu, yana zaton murya ce ta gari, alhali an riga an yanke hukunci sau uku kafin a kunna kyamara: wa zai zauna a teburi, wa zai zauna a zaure, kuma wace tambaya za a karanta.

Kowane ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan yana buƙatar ma'auni, kuma ma'aunin ne ba a yi ittifaƙi a kansa ba. A zaɓen 2015 jam'iyyar UKIP ta samu ƙuri'a kusan miliyan huɗu amma kujera ɗaya tak a majalisa, yayin da jam'iyyar SNP ta Sukotlan, da ƙuri'un da ba su kai rabin haka ba, ta kwashi kujeru 56. Idan da kujeru za a auna, UKIP ba ta cancanci gayyata ba sai nadiran. Idan da ƙuri'u ne, ta fi SNP cancanta. Nigel Farage, tsohon jagoran UKIP, ya bayyana a shirin fiye da sau talatin, galibinsu tun yana ɗan majalisar Tarayyar Turai, domin bai samu shiga majalisar dokokin ƙasarsa ba sai a 2024, kuma masu suka suna ganin shirin ne ya raine shi har ya yi ƙarfi, magoya bayansa kuma suna cewa shirin ya bi ra'ayin da ya riga ya yaɗu ne kawai. Amsar da ta fi kusa da gaskiya ba ta yi wa tashar daɗi ba: baƙon da ke tayar da ƙura yana jawo 'yan kallo, kuma furodusa yana sane da haka ko da bai taɓa tunanin jam'iyya ba. An ga hakan a Oktoban 2009, da aka gayyaci Nick Griffin na jam'iyyar BNP mai ra'ayin wariyar launin fata bayan ta ci kujeru biyu a majalisar Turai. Masu zanga-zanga suka cika ƙofar gidan talabijin a Landan, mutum kusan miliyan takwas kuma suka kalli shirin, adadin da ya ninka na kullum.

Ƙaramin kuskure ma yakan zama hujja a hannun wanda ya riga ya yi zargi. A Nuwamban 2019, a wani shiri na musamman na shugabannin jam'iyyu, wata mata ta tambayi Firaminista Boris Johnson game da muhimmancin faɗin gaskiya, zauren ya fashe da dariya kafin ya amsa, amma a labaran washegari sai aka nuna wurin ba dariyar, tafi kawai ya rage. Tashar ta ce don taƙaita lokaci aka yanke, ta kuma amsa cewa kuskure ne, amma ɗan guntun da aka cire ya yi yawo a shafukan sada zumunta fiye da duk bayanin da ya biyo baya.

Ƙa'idar da hukumar Ofcom mai sa ido kan kafofin yaɗa labarai ke auna BBC da ita tun 2017 ba ta ce a raba lokaci daidai wa daida ba, ta ce a yi adalcin da ya dace da batun, ma'ana a bai wa kowane ra'ayi nauyin da hujjarsa da magoya bayansa suka ba shi. Saɓanin wannan shi ne daidaiton bogi, wato a zaunar da masani da mai musu gefe da gefe kamar hujjojinsu sun yi kunnen doki. A 2011 masanin kimiyya Steve Jones, a bitar da aka ɗora masa, ya soki tashar da wannan laifi a batun sauyin yanayi, kuma a 2018 Ofcom ta same ta da laifin barin tsohon ministan kuɗi Nigel Lawson ya faɗi abin da ba daidai ba game da ɗumamar duniya ba tare da an ƙalubalance shi ba. Matsalar ita ce da zarar tasha ta fara auna nauyin hujja, ta shiga aikin alƙalanci, wanda aka rage wa nauyi kuma ba zai kira hakan adalci ba. A muhawarar zaɓe abin ya fi zafi, domin tun da aka fara haɗa shugabannin jam'iyyu a talabijin a 2010, waɗanda aka bari a waje suka riƙa garzayawa kotu, kamar yadda SNP ta yi a shekarar ba ta yi nasara ba.

Duk wannan bai kai batun naɗi da kuɗi nauyi ba. A Afrilun 2023 shugaban hukumar Richard Sharp, wanda ya taɓa bai wa jam'iyyar Conservative gudummawa, ya yi murabus bayan an gano bai bayyana rawar da ya taka a ƙoƙarin samar wa Boris Johnson lamunin bashin fam 800,000 ba, a daidai lokacin da yake neman muƙamin daga gwamnatinsa. Wata guda kafin haka an dakatar da mai gabatar da wasanni Gary Lineker saboda ya soki manufar gwamnati kan masu neman mafaka, abokan aikinsa suka ƙaurace wa shirye-shirye, aka mayar da shi cikin 'yan kwanaki. Da wuya a shawo kan mai kallo cewa ana tsare adalci a teburin muhawara yayin da yake ganin wanda ke saman gidan ya shigo ta ƙofar jam'iyya.

Mai sauraron Hausa ba baƙo ba ne a wannan magana, tunda sashen Hausa na BBC yana watsa shirye-shirye tun 1957, kuma har zuwa 2014 ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce ke ɗaukar nauyin sassan ƙetare kai tsaye. Amincin da ya samu a arewacin Najeriya da Nijar ya samo asali ne, a wani ɓangare, daga kwatanta shi da gidajen rediyon gwamnati na gida, waɗanda dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta wajabta musu raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu, amma gwamna ko shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabanninsu yana kuma sauke su. A Birtaniya hannun gwamnati ya fi nisa, amma bai fita ba, domin takardar izinin da BBC ke aiki da ita yanzu za ta ƙare a ƙarshen 2027, kuma ministocin da 'yan jaridarta ke yi wa tambayoyi a daren Alhamis su ne za su yanke yadda za a riƙa biyan ta da yadda za a naɗa shugabanninta a takarda ta gaba.