Yadda ake goge fuskar kwamfuta ba tare da an ɓata ta ba



Zancen yau bisa kwamfuta ne, irin mai ninkewa wadda ake sawa cikin jaka. Waɗansu na ce mata ordinatar. A da, sai cikin manyan ma'aikatu ake ganin ta. Yanzu ta shigo gidaje. Ga ta hannun ɗan makaranta mai karatu jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ga ta gidan likita, ga ta wurin magatakardan ƙungiyar manoma. Cikinta ake rubuta sunan wanda ya ɗauki taki bashi, da wanda ya biya kuɗin ruwa. To, abin da ke riƙe da amanar jama'a haka, tilas a san yadda ake kula da shi, ko mutum bai iya aiki da shi ba. Sau da yawa ma ba mai kwamfutar ke goge ta ba. Uwargida ce mai shara, ko yaro mai son a yaba masa.

Da fari, sai a san mine ne wannan fuskar. Ba gilashin taga ba ne, ba madubi ba ne. Gilashi biyu ne masu sirantaka ƙwarai, an haɗa su, da wani ruwa-ruwa tsakaninsu. Bayansu akwai fitila. Bisa mafi yawansu kuma an shimfiɗa wata fata ta roba mai taushi. Wannan fatar ce hannu ke taɓawa. In ta karce, ta karce ke nan, babu gugar da za ta maido ta.

Babban abokin gaba a ƙasar Maraɗi shi ne ƙura. Daga watan Nuwamba har wajen Maris, iskar hunturu na kawo buda daga hamada, da yawanta daga wani kwari na ƙasar Cadi da ake kira Bodele. Ƙurar nan ga ido kamar gari take. Amma cikinta akwai ƴan ƙwayoyin rairayi, kuma rairayi ya fi gilashi tauri, balle roba. Mutum ya ga ƙura, sai ya kama hannun riga ya murza. Shi a ganinsa tsabta ya yi. Alhali kuwa tamkar ya ɗebi yashi ne ya cuɗa ƙwarya. Karce ɗaya ba ya ganuwa. Bayan ƴan watanni sai fuskar ta yi dishi-dishi, rubutu ya riƙa ba ido wuya.

Saboda haka ga yadda ake yi.

A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a cire wayar kuran. In ta yi zafi, a bari ta huce. Fuska baƙa ta fi nuna datti.

Kafin tsumma ya taɓa ta, a kore ƙurar tukuna. Ana iya yi da burushi mai laushi wanda ba a taɓa aiki da shi ba. Kada a hura da baki, don yawu na fita.

Sannan a samo ƙyalle mai taushi, irin wanda ake ba mutum tare da tabarau. Masu sai da salula na da shi. In babu, tsohuwar riga ta auduga wadda aka wanke ta bushe, ba maɓalli, ba ɗinki mai kauri. Takarda, da tawul, da soso, duk a bar su. A tallafi murfin ta baya da hannu guda, a shafa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Kada a danna. In an ga launi na baje kamar mai bisa ruwa a inda yatsa yake, to an danna da yawa.

Sauran tabo, kamar sawun yatsa mai maiƙon ƙuli-ƙuli ko kashin ƙuda, shi ke son ruwa. Nan ne ɓarna ta fi yawa, sai a saurara da kyau. Ba a zuba ruwa bisa fuskar, ba a fesa shi. Ruwa gangarowa yake yi, ya shige ta tsagar ƙasa, inda ƙananan wayoyi suke. In ya same su, sai layuka su fito, ko rabin fuska ya mutu. Ƙyallen ake jiƙawa, gefe guda kawai, a matse shi har ɗigo ɗaya ba ya fita. A shafa tabon, a bi da busasshen gefen. Kada a rufe murfin sai ta bushe sarai.

Ruwan rijiya da na famfo sukan bar farin tabo in sun bushe. Tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota ya fi. Amma hattara! Masu batir na da ruwa iri biyu. Ɗaya ruwa ne zalla, ɗaya asid ne mai cin tufa da fata. A tambaya, a karanta rubutun jikin kwalba. Ga amfanin karatu nan kusa.

Ruwan Javel, da Omo, da isansi, da kananzir, da maganin goge jan farce, da na wanke gilashin mota, ko ɗaya kada ya kusanci fuskar. Suna cinye fatar nan ta sama. Game da alkol, kamfanoni sun bambanta. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, kamfanin Apple ya yarda a goge kayansa da alkol na isopropil mai ƙarfin 70 bisa 100. Wannan izini na kayansa ne. Wanda bai karanta takardar tasa kwamfutar ba, ya tsaya ga ruwa.

Duk wannan bayani ya shafi salula da talabijin mai faɗi.

Rigakafin kuwa mai sauƙi ne. In an gama aiki, a kakkaɓe maɓallan rubutu, don tsakuwa guda in ta kwanta kansu, murfi na rufewa za ta huda fuskar. A duba kada a manta biro a ciki. A sa ta jaka. Mai hawa kabu-kabu kada ya ɗora mata kaya ko ya zauna kanta.

In kuma ƙaddara ta faɗa, fuskar ta fashe ko ta mutu, kada hankali ya tashi. Sunaye da lissafin ba cikin fuskar suke ba, suna cikin cikin kwamfutar. Mai gyara na iya haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI, a ga kome. Sai dai sabuwar fuska na da tsada, kuma kowace kwamfuta da irin tata. Wani sa'in sai an aika Kano, a yi ta jira, balle in iyaka na rufe kamar yadda aka yi a 2019 da 2023. Saboda haka magatakarda ya riƙa kwafe lissafin ƙungiya cikin kile USB kowane mako, ya kuma bar littafinsa na takarda a hannu.