Baƙin da ke Zuwa Gida Lokacin Ɗari

Yau muna gaida mutanen Gidan Rumji da Tsibiri da Cadakori, har zuwa Agye da Gazawa.

Kaka ta wuce. Hatsi ya shiga rumbu, wake da gujiya suna cikin buhu. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu daji ya bushe, gona ba abinci, dare kuma da sanyi. To, ɗan'uwa manomi, ina kake tsammani kusu zai nufa? Gidanka. Can ne akwai ɗumi, can ne akwai ci.

Kusu ba ɓarawon wasa ba ne. Macen tana ɗaukar ciki kamar kwana 21 ta haihu. Ƴaƴanta kuwa, kafin wata uku su ma sun soma haihuwa. Wanda ya ƙyale kusu biyu da kaka, kafin bazara ya tara runduna. Abin da ya ɓata da kashi da fitsari ya fi abin da ya ci. Kuma yana kawo cuta. A Nijeriya, maƙwabciyarmu, akwai zazzaɓin Lasa, wanda aka gano a shekarar 1969. Wani irin kusu ne ke ɗauke da shi, kuma ya fi yawa daga watan Disamba zuwa Maris.

Me za ka yi? Ka fara da rumbu. Ka share ciyawa da kara da tarkace da ke kewaye da shi, don kusu ba ya son ratsa fili. In reshen itace ya rufo kansa, ka sare. In rumbunka mai ƙafafu ne, ka yanka gwangwani ka naɗa wa kowace ƙafa, santsi ya hana shi hawa. Sannan ka shiga ɗaki da fitila ka bi gindin bango. Ramin da ɗan yatsanka zai shiga, ƙaramin kusu zai shiga. Ka toshe da siminti. In babu, ka kwaɓa laka da fasasshiyar kwalba. Tarko kuma a jikin bango ake ɗana shi, ba tsakiyar ɗaki ba, don bango yake bi. Wanda ya mutu, kada yaro ya ɗauka da hannu. A sa shebur ko leda, a binne shi. Mai kyanwa a gida, ya riƙe ta da kyau, ba ta ci banza ba.

Uwargida, naki aikin ya fi na kowa. Tuwon da ya kwana, ki rufe. Dussa da tsaki, kada su kwana gindin turmi. Tulu da randa su sami marufi.

Baƙo na biyu ba ta ƙofa yake shigowa ba. Kai ne ka ɗauko shi daga gona. Ƙwaron wake ke nan. Tun wake yana cikin kwanso uwar take saka ƙwai. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ƙwaya, ta zauna ciki tana ci. Bayan kamar wata ɗaya ta fito da fiffike, ita ma ta saka nata. Sanyi yana rage masa sauri, amma ba ya kashe shi. Shi ya sa mutum yake ganin buhunsa lafiya lau a watan Disamba, da zafi ya shigo sai ya tarar da gari da huji. Daidai lokacin da wake ya yi kuɗi a kasuwar Maradi, nasa ba mai taya shi.

Kakanninmu suna da dabara. Sukan tankaɗe toka su gauraya da wake, tiya ɗaya ta toka ga tiya ɗaya ta wake, su zuba a tukunya, su rufe sama da wata tokar. Dabara ce mai kyau har gobe, in waken kaɗan ne, kamar na iri.

In da yawa ne, sai a hana ƙwaron numfashi. Tun shekarar 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka kawo shi, tare da namu na INRAN da ke Maradi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhu ɗaya a waje. Ka shanya wake ya bushe sarai. Ka duba ledar kada ta kasance da huji. Ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure ta farko ita kaɗai, ka ɗaure ta biyu, sannan buhun waje. Ƙwaron zai shanye ɗan iskan da ya rage, ya daina ci, ya mutu. Ba a sa magani ko kaɗan. Tano ko bido mai marufi mai kyau ma yana yin wannan aiki, in an cika shi fal. Amma kada a riƙa buɗewa kullum ana ɗiban na dafawa, a ware wannan daban. A aza buhun bisa katako, nesa da bango, saboda gara da kusu. Huji ɗaya na haƙorin kusu ya isa ya ɓata aikin duka.

Yanzu ku saurara da kyau. Akwai ƙwayar magani da ake sayarwa a kasuwa, Phostoxin, wadda wasu ke jefawa cikin buhu. Iska mai guba take fitarwa. Da ɗari muna rufe ƙofa da taga, mu kwanta da yara a ɗakin da buhunan suke. Wannan iska tana kashe mutum cikin barci. Kada a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa ita. Wanda ya shaƙa, ya ji ciwon kai ko amai ko ƙirji ya riƙe, a fitar da shi waje, a kai shi likita nan take. Maganin kusu ma haka: kaji suna tsince shi, yara suna ɗauka.

Sauran ƙananan baƙi ba su da wuya. Kuɗin cizo da ƙuma suna ɓoye cikin bargo da tabarma da gaɓoɓin gado. A fitar da shimfiɗa rana, a kakkaɓe, a zuba wa gado tafasasshen ruwa, a yaɓe tsagar bango. Itacen jin ɗumi a ajiye shi waje, a ɗauko na dare ɗaya kawai, don kunama tana son ƙarƙashinsa. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa.

Wanda bai san inda ake samun buhun mai riɓi uku ba, ya tambayi malamin gona na gundumarsu. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.