Zaɓen Makaranta, Neman Gurbi da Ɗaukar Nauyin Karatu: Nasiha ga 'Ya'yanmu da Iyayensu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan karatun gaba da sakandare. Duk wanda ya je gida hutun salla ya ga samari da 'yanmata da suka gama sakandare shekara biyu ko uku da suka wuce, har yau suna zaune suna jiran adimishan. Da yawansu mun san ƙwazonsu tun suna firamare. A ganinmu, babban abin da ya tsayar da su shi ne rashin jagora, domin ba su sami wanda zai zaunar da su ya bayyana masu yadda ake zaɓen kwas, da yadda ake cike fom, da inda ake samo kuɗi ba. Wannan sani kuwa yana hannunku, ku da ke zaune a Kano, Kaduna, Zariya, Sakkwato, Abuja da Legas.

Zaɓen kwas da makaranta

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ƙofar shiga manyan makarantu a ƙasar nan. A 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawarta, guraben da ke jami'o'i kuwa ba su kai ko kusa da haka ba. Saboda haka wanda ya yi zaɓe da ka, ya sa kansa cikin layin da ba lallai ya iso gaba ba.

Abu na farko da ɗalibi zai duba shi ne sakamakon da ke hannunsa. Jami'a tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi ga duk mai son kimiyya, injiniya ko ilimin kasuwanci. Wasu jami'o'in ba sa karɓar zama biyu a kwas irin likitanci. Haka kuma darussa huɗun da ɗalibi zai rubuta a JAMB dole su dace da kwas ɗin da ya nema. Mai son likitanci zai rubuta Turanci, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya zai rubuta Turanci, Lissafi, Fizis da Kemistiri. Mai son lauya kuwa, a yawancin jami'o'i ba ya tsallake Adabin Turanci. Yaro zai iya cin maki mai yawa amma ya tashi a tutar babu, don kawai ya haɗa darussan da ba su dace ba. Hukumar tana fitar da kundin da ya jera sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta, kuma kyauta ake duba shi a shafinta na intanet. A karanta shi kafin a sayi fom.

Abu na biyu shi ne makarantar da za a sa a zaɓi na farko. Jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba gurabensu kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya ta fannin ilimi. Wannan yana nufin ɗanmu ya fi samun dama a jami'ar da jiharmu ke cikin yankinta, ko a jami'ar jiharmu, fiye da wata mai nisa da ya ji sunanta ya burge shi. Kuma manyan jami'o'i ba kasafai suke waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu ba. A tuna kuma cewa makin da ake sanarwa kowace shekara, kamar 150 cikin 400 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025, shi ne mafi ƙaranci. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane sashe yana da nasa, sannan da yawa suna yin tasu tantancewar. Wanda ya ci 190 ya nace sai likitanci, shekara guda ya shirya ɓatawa, domin sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne kacal. Idan maki ya fito ƙasa da buri, akwai damar canza kwas ko makaranta da ɗan kuɗi kaɗan, a yi amfani da ita da wuri.

Abu na uku, mu iyaye mu rage ɗaukar cewa in ba likita ko lauya ko injiniya ba, yaro bai yi karatu ba. Mu dubi garinmu da idon basira. Asibitinmu yana bukatar ma'aikatan jinya da ungozoma, musamman mata, domin matanmu da yawa sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace. Sakandarenmu tana bukatar malaman Lissafi da Fizis 'yan gari waɗanda ba za su nemi canjin wurin aiki bayan zango ɗaya ba. Manomanmu suna bukatar malaman gona da likitocin dabbobi. Kwalejin ilimi tana ba da NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan. Kwalejin kimiyya da fasaha tana ba da ƙaramar difloma, sai shekarar koyon aiki, sai babbar difloma. Wanda ya yi NCE ko difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, haka nan wanda ya bi ta shirin IJMB da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Da yawa daga cikin waɗanda muka yi kwalejin horon malamai tare da su, ta irin wannan matakala suka hau har suka zama shehunan malamai da manyan sakatarori.

Kafin a biya ko kwabo, a tabbatar makarantar da kwas ɗin suna da amincewar hukuma. Jami'o'i suna ƙarƙashin NUC, kwalejojin fasaha suna ƙarƙashin NBTE, kwalejojin ilimi kuma NCCE. Likitanci, lauya da aikin jinya suna bukatar ƙarin amincewar majalisun da ke kula da waɗannan sana'o'i. Ba mu manta ba, a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na ƙasashen Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin 'yan makonni. Iyaye da dama da suka sayar da kadara don tura 'ya'yansu can sun shiga zulumi a lokacin. Araha ba ta ado.

Neman gurbi

Yanzu komai da kwamfuta ake yi, kuma kwamfuta ba ta san alfarma ba. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. To a nan ne muke yawan yin tuntuɓe. Za ka ga yaro a takardar firamare Muhammadu ne, a WAEC Mohammed, a NIN kuma an ƙara masa sunan gari, ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Irin wannan saɓani yana iya bin yaro har ranar da za a tura shi hidimar ƙasa. A daidaita suna da ranar haihuwa tun yaro yana aji huɗu na sakandare. A kuma sani cewa a 2025 gwamnati ta tabbatar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga babbar makaranta, don haka gaggawar tsallakar da yaro aji ba ta da riba.

'Ya'yanmu, ku yi rajista da lambar wayarku ta kanku, ku adana layin kamar yadda kuke adana takardunku, domin ta nan saƙonnin hukuma za su riƙa zuwa. Ku je cibiyar da hukuma ta amince da ita, ku zauna a yi a gabanku, ku karanta abin da aka cike kafin a tura. Kada ku bar wa mai shagon intanet ya zaɓa maku kwas ko ya riƙe lambobinku na sirri. Da zarar sakamakon WAEC ko NECO ya fito, ku tabbatar an ɗora shi a shafinku na JAMB, don ba a bai wa wanda sakamakonsa ba ya nan gurbi. Wanda kuma bai taɓa riƙe kwamfuta ba, ya fara koyo wata biyu ko uku kafin jarrabawa, kada ranar jarrabawa ta zama ranar farkon haɗuwarsu.

Tun 2017 hukumar ta fito da tsarin CAPS, inda kowane gurbi na gaskiya yake bayyana, ɗalibi ya karɓa ko ya ƙi. Duk adimishan da bai bi ta wannan hanya ba haramtacce ne, ko da an ba yaro lamba ya fara shiga aji. Wanda sunansa ba ya cikin jerin hukumar zai iya gama shekara huɗu ya tarar ba za a tura shi hidimar ƙasa ba. Don haka duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi yana da hanya, a gode masa a sallame shi.

Ɗaukar nauyin karatu

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, gwamnati ce ta ciyar da mu, ta ba mu littattafai, har da ɗan alawus. Wancan zamani ya wuce, kuma ba adalci ba ne mu riƙa auna yaran yau da shi. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 jami'o'i da yawa sun ƙara kuɗin rajista, kuɗin mota da na abinci kuma kowa ya san inda suka kai. Mahaifi ya zauna da ɗansa su yi lissafi tun kafin a cike fom: kuɗin karɓar gurbi, rajista, ɗakin kwana, abinci, mota, littattafai, na shekara huɗu ko biyar ko shida. A bar ɗan rara, domin yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ci. Daidai ruwa daidai tsaki: makarantar da ke kusa, wadda za a iya aika wa yaro hatsi daga gida, ta fi ta nesa da za a fara a kasa ƙarasawa.

Akwai hanyoyin samun sauƙi. A watan Afrilun 2024 aka sa hannu a sabuwar dokar bashin karatu, asusun NELFUND kuma ya buɗe shafinsa a watan Mayu na wannan shekarar. Bashin na ɗaliban makarantun gwamnati ne, ba shi da ruwa, ana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, kuma an fara shi da alawus na naira 20,000 a wata ga wanda ya nema. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake samu. Ana bukatar lambar JAMB, NIN, lambar BVN ta banki da shaidar zama ɗalibi. Muna jan hankalin 'ya'yanmu cewa bashi ne, amana ce, wanda ya ci ya ƙi biya ya tare wa ƙannensa hanya. Ban da wannan akwai hukumar tallafin karatu ta jiha, da ta tarayya, da asusun PTDF ga masu karatun da ya shafi man fetur da injiniya. Dukkansu suna neman takardar shaidar ƙaramar hukuma da sakamako mai kyau, kuma suna da ranar rufewa. Sau da yawa labarin yakan iso garinmu bayan an rufe.

Abin da muke roƙon ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba da shawara huɗu, kuma babu wadda ta fi ƙarfinmu.

Na ɗaya, a kafa kwamitin jagorancin ɗalibai daga cikin 'ya'yan ƙungiya da ke koyarwa ko aiki a manyan makarantu. Su je gida a watan Disamba, kafin a buɗe rajistar JAMB da akan fara a farkon shekara, su zauna da 'yan aji shida da iyayensu, su duba takardun kowane yaro ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu, a ware wani kaso na gudummawar wannan taro don sayen fom da biyan kuɗin karɓar gurbi ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi. Shugabannin makarantu su ba da sunaye bisa sakamako, a liƙa jerin a bainar jama'a, a kuma buga lissafin a wannan mujalla. Rabin gurbin ya zama na 'ya'ya mata.

Na uku, kowane reshe na birni ya rubuta sunayen waɗanda za su iya saukar da ɗalibi ranar tantancewa ko makon rajista. Kwana biyu a gidan ɗan'uwa yana cire wa baƙon yaro tsoro, yana kuma sa iyaye su saki jiki su bar 'yarsu ta tafi.

Na huɗu, a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa bibiyar sanarwar tallafin karatu yana aikawa gida a kan lokaci, a karanta ta a makaranta da ƙofar fada.

Daga ƙarshe, 'ya'yanmu, matambayi ba ya ɓata. Ku tunkari yayyenku da kawunnanku da tambaya tun kafin ku cike fom, ku nuna masu sakamakonku na gaskiya ba tare da jin kunya ba. Ku kuma 'yan'uwa na birni, duk wanda ya zauna a wannan zaure akwai wanda ya taɓa nuna masa hanya. Muna roƙon kafin mu watse, sakatare ya buɗe takarda, masu niyyar shiga kwamitin nan su rubuta sunayensu da garin da suke zaune.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ƙara wa garinmu zaman lafiya da arziki, ya mai da kowa gidansa lafiya.