Karnukan Unguwa, Akuyoyin Titi: Wa Ke Da Alhakin Su a Samaru da Sabon Gari?

Yau maganar kare za mu yi. Eh, kare. Na san akwai wanda zai ce duk matsalolin da ke damun matasa, ga rashin aiki, ga tsadar rayuwa, ga wutar da ba ta zama, sai kare aka ga dama a tattauna? Ku yi haƙuri ku saurare ni, don maganar ta fi ta kare, magana ce ta wa ke yanke hukunci a unguwarku, kuma da shawarar wa.

Bari in fara da tambaya. Idan yau da asuba kare ya ciji ƙaninka a hanyar makarantar allo a Hayin Dogo, ko a Palladan, ko a Muchiya, wa za ka kai wa ƙara? Ban ce asibiti ba, wannan dole ne, zan zo kansa. Ina nufin shi karen. Wa zai nemo mai shi? Wa zai tabbatar an tsare shi an sa masa ido? Wa zai duba ko ya ciji wasu yaran a layin baya? Yawancinmu amsar da muka sani ɗaya ce, a tara samari a bi shi da duwatsu da gora a kashe, a jefar a bola, shi ke nan kowa ya koma gida.

To ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya sa kula da yadda ake ajiye dabbobin gida da yadda suke yawo a cikin jerin. A wuri ɗaya aka sa shi da kasuwanni, da tashoshin mota, da kwata, da kwashe shara. Wato ba aikin Abuja ba ne, ba na gidan gwamnati a Kaduna ba ne a matakin farko. Aikin sakatariya ne. Mu nan Samaru, Basawa, Bomo, Hanwa, Chikaji, Dogarawa, Jushin Waje, duk ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari muke. Kuma tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, hujjarmu ta tambayar ciyaman da kansiloli ta ƙara ƙarfi.

Me ya sa abin ya kai a damu? Saboda ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, kuma kusan dukkansu a Afirka da Asiya suke. Wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ku yi tunanin dalili: yaro ne ke tsokanar kare, yaro ne gajere da cizon ke samu a fuska ko a wuya, kuma yaro ne zai ɓoye ciwon don kar a doke shi a gida. Ƙwayar cutar tana bin jijiya ne a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake iya yin wata biyu ko uku, wani lokaci har shekara, ba a ga komai ba. Ciwon ya warke, kowa ya manta. Ranar da alamu suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, ya fara firgita, to kusan babu wanda ke tashi. A lokacin ne za ka ji ana cewa iska ce, ko sammu ne.

Abin takaicin shi ne maganin abin tsoho ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar a Faransa, yaron ya rayu. Sama da shekara ɗari ke nan. Nan ƙasar, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin rigakafin karnuka. Mu kuma a Samaru, wallahi ba mu da uzuri ko kaɗan. Tsangayar likitancin dabbobi ta ABU na nan tun shekarun 1960, da asibitin koyarwarta. NAPRI na Shika. Asibitin koyarwa na mutane shi ma na Shika. Garuruwa nawa ne a Arewa ke da likitocin dabbobi a bakin ƙofa haka? Ilimin na cikin katanga, karnukan na bayan katanga, abin da ke haɗa su ne ya kamata mu gina.

A nan maganar kwamiti ta shigo. A birane da dama na Amurka, kamar Austin a jihar Texas, majalisar birni na da kwamitin shawara kan harkar dabbobi, wanda mazauna garin ke zama a ciki. Ba su kama kare, ba su cin tara. Aikinsu su zauna a bainar jama'a, su duba aikin ma'aikata, su ba majalisa shawara kan doka da kasafi. A Indiya, dokar da suka yi a 2001 kan karnukan titi, wadda aka sabunta a 2023, ta tanadi kwamitin sa ido a matakin hukumar gari. Amma ni ba sai na je Texas na aro ba. Muna da kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido kan asibitocin sha-ka-tafi. Muna da kwamitin iyaye da al'umma a makarantun firamare. Kuma duk wanda ya girma a nan ya san shelar da ake yi idan damina ta faɗi, cewa kowa ya ɗaure dabbarsa, wadda aka kama a gonar wani mai ita zai biya. Wannan ai dokar kula da dabbobi ce, kuma ta yi aiki ne saboda mai unguwa ya san akuyar wa ce, kuma masu akuyar sun yarda da dokar.

Ku tuna da shan-inna. Allurar na nan shekara da shekaru, kuɗi na nan, ma'aikata na nan, amma abin ya ƙi ci, har sai da aka jawo sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai cikin aikin. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali, wato wild polio. Ma'aikaci daga ofis bai san gidan da aka ɓoye yaro ba. Haka nan bai san gidan da ke da karnuka shida a bayan gida ba.

Kuma lissafin haukan kare yana buƙatar ainihin irin wannan sanin. Masana sun daɗe da nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, aka maimaita duk shekara, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Da haka Mekziko ta kai matsayin da a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da haukan kare da ke kama mutane ta cizon kare. To tambaya: kashi 70 na nawa? Idan ba ka san karnuka nawa ne a Bomo ba, ta yaya za ka san ka kai kashi 70? Za a iya kafa rumfa a ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, a yi wa karnukan manyan ma'aikata allura, a ɗauki hoto, a watse. Karnukan da suka zo su ne dama masu gata. Na farauta, na gadin gona, na gadin gareji, da waɗanda ke kwana a juji, su ne ba su zuwa, kuma su ne ke haɗuwa da yara.

Shi ya sa idan za a kafa kwamitin, mutum na farko da nake so a ba kujera, kafin ma mu 'yan boko, shi ne wakilin mafarauta. Su ke da karnuka da yawa, su suka san halinsu, su kaɗai ne za su iya riƙe karen farauta a yi masa allura ba tare da an yi ɓarna ba. Kuma idan akwai tsoron cewa allura na rage wa kare zafin nama, a bakin ɗan uwansu mafarauci za su yarda cewa ba haka ba ne, ba a bakina ba.

Sai mata. Wannan na san za a yi gardama, amma ku duba gidajenku, akuya da tunkiya da kaji na wa ne? Na iyayenmu mata ne. Shi ne bankinsu, shi ne kuɗin makaranta, shi ne kayan ɗakin 'ya. Duk dokar da za a yi kan dabbobin da ke yawo a titi, a aljihun mata za ta sauka. Idan maza zalla suka zauna suka yanke tara mai nauyi a kan akuyar da ta fita titi, sun yanke wa bazawara hukunci ba ta wurin. Alhali matsalar gaskiya ce: ɗan acaɓa ko mai Keke ya kauce wa tunkiya a titin Sokoto ya faɗi, wa zai biya? Akuya ta ci leda a bola ta kumbura ta mutu, asarar wa? Dole masu dabbar da masu abin hawa su zauna a tebur ɗaya.

Sauran kujerun ba wuya: likitan dabbobi, duba-gari, ma'aikacin asibitin mazaɓa, sarkin fawa, mai unguwa, malamin firamare, liman da fasto. Sarkin fawa saboda inda ake zubar da jini da ƙashi nan karnuka ke taruwa, haka ma bayan kasuwar Samaru da ta Sabon Gari idan shara ta kwana. Liman da fasto kuma saboda Sabon Gari gari ne na kowa da kowa. Akwai mai ganin kare ƙazanta, akwai mai kiwon sa kamar ɗan gida, akwai mai fataucin sa zuwa kasuwar Dawaki a Filato. Idan aka bar maganar kare ta zama maganar "su" da "mu", ta lalace tun ba a fara ba. Kuma a addinance ma an halatta kare don farauta da kiwo da gadin gona, an kuma hana azabtar da dabba. Wanda ya ajiye, ɗawainiyar na kansa.

Abin da ba na so kwamitin ya zama, shi ne wata rundunar 'yan sintiri. Shawara zai bayar, ya sa ido, ya rubuta. Kama dabba da cin tara aikin ma'aikacin hukuma ne, da rasit. Da zarar an ba samari igiya aka ce su kama akuyoyi a raba tarar da su, to kun san ƙarshen labarin, akuyar da ke ɗaure ma za ta tsinci kanta a titi. Haka kuma ba na goyon bayan a zuba guba a kashe karnukan unguwa gaba ɗaya. An gwada a wurare da yawa, har da tsibirin Bali na Indonesiya bayan cutar ta ɓarke a 2008, kuma sai da aka koma rigakafi aka ga sauƙi. Dalilin a fili yake. Ka kashe karnuka amma bolar na nan, wasu za su shigo daga wata unguwa, ba a san lafiyarsu ba, kuma cikin waɗanda ka kashe har da masu rigakafi. Ga gubar kanta, kaji za su ci, yaro na iya ɗauka.

Sannan, don Allah, kar a sa alawus mai tsoka. Ranar da kujerar ta zama ta kuɗi, ranar za ta koma ta 'yan jam'iyya. Kuɗin mota ya isa. Inda kuɗi ya kamata ya tafi shi ne rigakafin da kuma sanyaya shi, don zafi na iya rage ƙarfin allurar, kuma kun san halin wutarmu.

Me kwamitin zai riƙa tambaya a kowane zama? Littafi ɗaya nake so in gani. Mutum nawa kare ya ciza a watan nan, a wace unguwa, an gano karen ko ba a gano ba, an yi masa rigakafi ko ba a yi ba, wanda aka ciza ya gama allurarsa ko ya tsaya a ta farko. Wannan na ƙarshen shi ne inda ake asarar rai. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yi a ranar farko, a dawo rana ta 3, a dawo ta 7, wani tsarin ma akwai ƙari, kuma tana da tsada ga talaka. Uba ya biya ta farko, ya ga ciwo ya bushe, ga kuɗin abinci, sai ya ce Allah ya kiyaye. Idan asibiti ya sanar da likitan dabbobi, likitan dabbobi ya sanar da mai unguwa, akwai wanda zai ƙwanƙwasa ƙofar gidan nan a rana ta uku. Kuma idan an san mai karen, akwai wanda zai ce masa ya sa hannu a aljihu.

Ta ina za mu fara? Jihar Kaduna na da tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunta a matakin mazaɓa don a duba su wajen tsara kasafi. Mun saba rubuta kwalbati da rijiyar burtsatse da taransifoma. A wannan karon a ƙara layi ɗaya: rigakafin karnuka sau ɗaya a shekara a kowace mazaɓa, da kwamitin mazauna da zai sa ido. Mazaɓu 11 ne a Sabon Gari, ba sai an fara da duka ba. Ku sami kansilanku, ku tafi da mai unguwa da mafarauci ɗaya da uwa ɗaya mai kiwo, ku nemi a gabatar da shi a zauren majalisa a matsayin dokar ƙaramar hukuma, a rubuce, don kar ya mutu ranar da aka canja ciyaman. Ɗaliban likitancin dabbobi da ke saurare na, ƙidayar karnukan Samaru gida-gida aikin bincike ne da zai ishe ku kammala digiri, kuma unguwa za ta amfana.

Kafin nan, ga abin da za ku gaya wa ƙannenku yau da daddare. Idan kare ya cije ka, ko ya yakushe ka, ko kyanwa ma, ka faɗa, ba wanda zai doke ka. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a duba agogo, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Kar a sa gashin karen, kar a sa toka, kar a ɗaure. A tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Karen kuma, idan an san mai shi kuma za a iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kar a jira kwana goman kafin a fara allura. Idan an riga an kashe shi, kar a jefar, kar yara su taɓa, a kira likitan dabbobi, don da ƙwaƙwalwarsa ake gwaji a gane ko yana da cutar.