Jawabi a Kan Baƙin Ciki da Taɓin Hankali Tsakanin Masu Sana'ar Babur

Ya ku malamai da almajirai, ku sani abin da ya sa na tashi yau shi ne wata jana'iza. Wani saurayi da ya yi karatun allo a hannuna, daga baya ya kama acaba, ya halaka kansa. Da aka kawo shi, mutanen unguwa suka noƙe, kowa yana duban ɗan'uwansa. Waɗanda suka cika sahu abokan sana'arsa ne, suka jera baburansu a gindin katanga, suna kuka kamar ƙananan yara. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Malam, kullum tare muke, yaya aka yi ba mu gani ba?" Wannan tambaya nake so in amsa.

Ku fara sanin halin sana'ar. Da yawa daga cikinsu babur ɗin ba nasu ba ne. Mai shi yana jiran balas kowace yamma, ko an samu fasinja ko ba a samu ba, mai kuwa ya yi tsada tun da aka janye tallafinsa a 2023. Sa'an nan hukuma na iya rufe sana'ar a dare ɗaya. An hana ta cikin birnin Abuja a 2006. An hana ta a Kano a watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. An hana ta a wasu sassan Ikko a 2020, aka ƙara tsanantawa a 2022, kuma da yawa daga waɗanda aka ƙwace wa babura can 'yan Arewa ne da suka tafi ci-rani. Mutum ya dawo gida babu babur, ga bashi, ga iyali. Wasu kuma suna shan tiramol domin su jure wuni a kan hanya, ita kuwa ƙwayar nan tana ba da ƙarfin aro, sa'an nan ta karɓi hankali a madadinsa. Akwai kuma wanda ya faɗi ba hular kwano, kansa ya bugu, rauni ya warke a waje amma halinsa ya sauya, ya zama mai fushi ko mai shiru, mutane su ce iska ce.

To, a nan nake so almajirai su buɗe kunne. Ba kowane baƙin ciki ne raunin imani ba. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin ɗansa har ganinsa ya tafi, wane ne zai ce imaninsa ya yi rauni? Wani malami na Balkha, Abu Zaidi, wanda ya rasu shekara ta 322 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda yake faɗa wa mutum babu dalili bayyananne, ya danne shi, ya hana shi jin daɗin komai. Na biyun, in ji shi, asalinsa daga jiki ne, yana bukatar magani. Likitocin zamani ma suna ɗaukarsa cuta mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum sama da 700,000 suna halaka kansu kowace shekara.

Mas'alar salla kuwa ba ta da duhu ga wanda ya karanta Risala, domin Ibn Abi Zaidi ya bayyana a babin jana'iza cewa ana sallatar wanda ya kashe kansa. Aikin haramun ne, zunubi ne babba, ba wanda ya yi musu. Amma bai fitar da mutum daga Musulunci ba, kuma kun san hankali sharaɗi ne na taklifi. Wane ne a cikinmu ya auna hankalin yaron nan a sa'ar da abin ya faru? Waɗanda suka noƙe ba fiƙihu suka bi ba, tsoron bakin mutane suka bi. Uwarsa kuma tana da haƙƙin ta'aziyya da abincin maƙwabta kamar kowace uwa, matarsa tana takaba wata 4 da kwana 10 kamar kowace mata. Kada a shiga gidan da tambayar yadda ya yi. A yi addu'a a fito.

Yanzu ga amsar abokinsa. Alamu suna nan, sai dai ba a koya mana karanta su ba. Na bi diddigi daga baya, sai na ji yaron ya daina zama majalisa a tasha, barci ya ƙaurace masa, ya rama. Ya soma gudu na ganganci, wanda da ba halinsa ba ne. Ya ba ƙaninsa wayarsa, ya bi mutane yana neman gafara alhali ba tafiya zai yi ba. Ya ce wa wani, "Gara ma ba ni." Aka yi dariya aka ce ya yi haƙuri. Ni ma ya zo gaishe ni cikin makon, na ga fuskarsa, na ce masa ya yawaita istigfari, na koma kan karatuna. Allah ya gafarta mini.

In kun ga haka ga wani, ku keɓe da shi ku tambaye shi a fili ko yana tunanin halaka kansa. Kada ku ji tsoron tambayar za ta sa masa tunanin, masana sun bincika sun ga ba haka ba ne, sau da yawa ma sauƙi yake ji. In ya ce i, kada ku tsawata masa da wuta, kada kuma ku bar shi shi kaɗai. Ku nesanta shi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ku sanar da wani babba a gidansu, ku raka shi asibiti. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Ruƙiyya da addu'a ba su hana magani ba, a haɗa su. Amma mari da sarƙa da bulala, irin abin da aka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019, wannan zalunci ne, ko da sunan wa aka yi shi.

Ku kuma shugabannin tasha, kuna da adashi da asusun haɗari. Ku sa a ciki kuɗin kai ɗan'uwa asibiti in hankalinsa ya jigata, kamar yadda kuke yi in ƙafarsa ta karye. Kuma ku lura da wanda ya fi kusa da mamacin, domin shi ne yake kwana yana zargin kansa. Wanda ya yi mini tambayar nan, na sa yana zuwa wurina bayan Magariba kowace Alhamis, har yanzu bai iya bi ta layin gidan abokinsa ba.