Ranar da ta ƙi wucewa

In Ba'amurke ya yi tsaki ya ce "Groundhog Day", ya gaji ne da abin da ke ta maimaituwa ba sauyi. Asalinsa bikin 2 ga Fabrairu ne a garin Punxsutawney, inda ake fito da wata dabba mai kama da gafiya, wai ta nuna ko sanyi zai daɗe. Wani fim mai wannan suna na 1993 ne ya juya ma'anar: jarumi Bill Murray ya fito a ɗan jaridar yanayi, kullum ya farka sai ya tarar da jiya ce ta dawo. 'Yan jarida sun riƙe maganar kam, musamman in majalisar Amurka ta sake kaurewa da rigimar kasafin kuɗi.