BAƘO A MATSUE: YAWON ƘAFA A WANI GARIN JAPAN



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba abin da baƙo yake gani idan ya sauka garin da ba nasa ba ya bi lungunansa da ƙafa, da kuma yadda ya kamata a auna abin da ya rubuta bayan ya gama yawon. Garin da za a yi magana a kansa shi ne Matsue, hedkwatar lardin Shimane, a yammacin babban tsibirin Japan. Baƙon kuwa shi ne Lafcadio Hearn, wanda ya sauka garin ran 30 ga watan Agusta, 1890, don koyar da Turanci. Batun ya shafi ɗalibin da zai fita ƙetare neman ilmi, ya kuma shafi ma'aikacin da wata rana za a ajiye masa takarda a kan tebur a ce ya sa hannu a rushe tsohuwar unguwa.

Mutumin da hanyarsa

An haifi Hearn a 1850 a tsibirin Lefkada na ƙasar Girka. Uwarsa mutuniyar Girka ce, ubansa kuwa mutumin Ailan ne, likita a sojan Ingila. Iyayen suka rabu tun yana ƙarami, aka bar shi hannun dangi. Yana da shekara 16 ya yi rauni a makaranta, idonsa na hagu ya mutu, na daman kuma ba ya gani sai kusa. A 1869 ya tafi Amurka ba ko anini, ya zama ɗan jarida a Cincinnati, sannan a New Orleans, ya kuma yi shekara biyu a tsibirin Martinique. A watan Afrilu na 1890 ya sauka Yokohama yana da shekara kusan 40. Wato dai mutum ne da bai taɓa samun garin da zai kira nasu ba, kuma wannan yana da tasiri a kan duk abin da ya rubuta game da Matsue.

A lokacin jirgin ƙasa bai isa garin ba, sai a 1908 ya isa. Hearn ya ƙetare duwatsu ne cikin keken da mutum ke ja, sannan ya ƙarasa cikin ƙaramin jirgin ruwa. Mutanen garin ba su kai dubu 40 ba a zamanin.

Zafin ƙasar

Wajibi ne a yi wa kalmar "bazara" gyara kafin a ɗora ta a kan Japan. A ƙasar Hausa zafi yake fara zuwa, ƙasa ta bushe, sannan ruwa ya sauko ya sanyaya ta. A Japan kuwa ruwan yake rigaya. Daga watan Yuni zuwa wajen tsakiyar Yuli ana sheƙa ruwan da suke kira tsuyu, yana ɗaukewa sai zafi ya sauko a kan ƙasa jiƙaƙƙiya. A Agusta zafin rana a Matsue yakan haura digiri 30, wanda Bakano zai raina a takarda, amma iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa a jiki, inuwa ma ba ta cika ceto ba. Saboda haka mai hankali da asuba yake fita yawo, ko bayan la'asar. Daga kowace bishiya kuma wani ƙwaro ne mai suna semi yake ƙwala kuka ba ƙaƙƙautawa, har ya fi gyare ƙarfin murya. A wannan watan ne ake bikin Obon, inda suka yi imani cewa ruhohin magabata suna dawowa gida su kwana biyu, a kunna musu fitilu, a share kaburbura, a yi rawa da dare. Hearn ya ga irin wannan rawa a wani ƙauye a kan hanyarsa tun kafin ya shiga Matsue.

Abin da kunne ya ji

Masaukinsa na farko yana bakin kogin Ohashi, daf da babbar gadar garin. Kogin nan shi ne yake fita daga tafkin Shinji ya raba garin biyu, kudu da arewa. Tafkin yana da faɗin wajen murabba'in kilomita 79, ruwansa gauraye ne da na teku, kuma a cikinsa ake kamo wani ɗan abin ruwa mai ɓawo, shijimi, wanda ake yin romo da shi.

A littafinsa Glimpses of Unfamiliar Japan, wanda aka buga a 1894, Hearn ya keɓe babi guda ga yini ɗaya a Matsue, daga asuba zuwa dare. Abin lura shi ne ta sauti ya shiga garin. Abu na farko da ya ce yana tada shi daga barci shi ne ƙarar surfen shinkafa: wata ƙatuwar taɓarya ce a kan doguwar sanda da aka gicciya, mutum ya taka ƙarshenta da ƙafa ta ɗaga, ya saki ta faɗa cikin turmi. Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka da sassafe ya san wannan sauti da ake ji ta ƙasa kafin a ji shi ta iska. Bayan haka sai ƙararrawar ɗakin ibada, sai kiran masu talla, sai tafin mutanen da suka sauko bakin kogi suka wanke fuska suka fuskanci rana suna gaishe ta bisa al'adar Shinto. Can kuma sai gadar katako ta ɗauki ƙarar takalman katako da ake kira geta, na ɗaruruwan masu zuwa aiki da makaranta.

Wannan hanya ta bayyana gari ba dabarar marubuci kawai ba ce. Mutum mai ido ɗaya, shi ma mai rauni, wanda ba ya jin yaren mutanen, ba ya iya karanta allunan shagunansu, kunne ne jarinsa, sai kuma ƙafa da za ta kai shi kusa da abu har ya iya ganinsa. Lalurar da ta hana shi hange ita ce ta tilasta masa tsayawa.

A kan gadar nan ya ji labarin Gensuke. An ce a zamanin da ake gina ta da farko ruwa ya yi ta cinye ginshiƙanta, har aka yanke shawarar binne mutum da rai a ƙarƙashinta, ƙaddara ta faɗa kan wani talaka mai wannan suna. Labari ne na baka, irinsa kuma yana nan a wurare da dama a Japan, amma har yau akwai dutsen tunawa da shi a gefen kudu. Gadar da ake takawa yanzu ta 1937 ce.

Tsarin garin

Matsue garin yaƙi ne tun asali. Horio Yoshiharu ya fara gina fadarsa a kan tudu a 1607, aka gama a 1611, aka haƙa mata gwalalo aka cika da ruwan tafki. Daga 1638 sarautar ta koma gidan Matsudaira, ta zauna hannunsu har aka soke sarautun lardi a 1871. Mayaƙan sarki, wato samurai, aka zaunar kewaye da fadar, fatake da masu sana'a a bakin kogi, ɗakunan ibada kuma aka tara su unguwa guda a kudu, domin su zama garkuwa idan maƙiyi ya taso ta can. Da gangan aka karkata hanyoyi, wata ta yi gwiwa, wata ta ƙare a bango, don kada dakarun abokan gaba su miƙe kai tsaye zuwa fada. Mai mota yana ganin wannan a matsayin wahala. Mai tafiya da ƙafa kuwa, idan ya lura, yana karanta tsoron mutanen da suka mutu shekara 400 da suka wuce. Daɗin daɗawa, yawancin titunan Japan ba su da suna, unguwa ce take da suna, gidaje su bi da lamba. Baƙo zai ɓata sau da yawa, kuma a nan ne karin maganar nan ta matambayi take samun gurbinta.

A watan Yuni na 1891 Hearn ya koma wani tsohon gidan samurai a titin Shiomi Nawate, wanda yake bin bakin gwalalo ta arewacin fada. Daga nan, a hanyarsa ta zuwa makaranta, yakan ratsa wurin bautar Jozan Inari, inda gumakan yanyawa na dutse suke jere ɗari bisa ɗari, wasu sun tsufa har kamanninsu sun shafe. Ya lura cewa takardar laya ta wannan wuri tana liƙe a ƙofofin gidajen garin don tsari daga gobara, abin da ba a mamakinsa a garin katako da takarda. A yamma kuma akwai Gessho-ji, makwancin sarakunan Matsudaira, da ƙaton kunkurunsa na dutse wanda aka ce yakan tashi yawo da dare. A cikin sarakunan da ke kwance a nan akwai Fumai, wanda ya rasu a 1818, gwani a ladubban shan shayi. Saboda shi ne har yau ake lissafa Matsue tare da Kyoto da Kanazawa wajen shayi da alawar da ake ci da shi.

Abin da baƙon bai gani ba

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya ja linzami. Hearn bai taɓa ƙwarewa a harshen Japan ba. Abin da ya sani ya biyo ne ta bakin tafintansa, da abokin aikinsa Nishida Sentaro, da ɗalibansa, sannan uwa uba matarsa Koizumi Setsu. Ita 'yar gidan samurai ce da talauci ya durƙusar bayan gwamnati ta yanke musu albashin gado a 1876, kuma ta shiga gidansa ne a matsayin mai yi masa hidima. Ita ce take nemo tatsuniyoyi ta ba shi da baki, cikin wani gurɓataccen Japananci da su biyu suka ƙago wa kansu. Da yawa daga labaran fatalwa na littafinsa Kwaidan, na 1904, daga bakinta suka fito. Shirun da ya yaba a unguwar samurai, a wajenta shirun gidajen da suka tsiyace ne.

Haka nan shekarar da ya sauka, 1890, ita ce shekarar da majalisar dokokin Japan ta fara zama, shekara guda bayan tsarin mulkin Meiji. Ɗalibansa suna koyon Turanci ne don su fita daga tsohuwar rayuwar da shi yake wa kuka. Bayan shekara huɗu ƙasar ta shiga yaƙi da Sin. Duk wannan yana cikin littafin, amma a gefe, domin mutumin da ya gaji da hayaƙin biranen Amurka ya zo ne yana neman akasinsu, kuma mai nema yana tare da samu.

Ɗaliban Hausa sun san irin wannan matsala. Heinrich Barth ya shiga Kano a farkon 1851, ya zaga ta a kan doki, ya ƙiyasta mazaunanta dubu 30, ya bar bayanin kasuwa da karofi da har yau masu tarihi ba su iya yi ba tare da shi ba. Duk da haka ba wanda zai ce ya san abin da ake faɗi a cikin zaure bayan ya wuce. Amfanin baƙo shi ne yana rubuta abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani. Ba Bajapane ko ɗaya a Matsue da zai ɓata tawada a kan ƙarar takalmi a bisa gada, don haka da Hearn bai rubuta ba, da ta tafi tare da takalman. A wannan fanni shaidarsa abin dogaro ce. Inda ya tashi daga sauti da kamanni ya koma fassara zuciyar mutane, nan ne ake bukatar shaida ta biyu.

Garin bayan Hearn

Dalilin da ya sa har yau ana iya bin sawunsa shi ne garin ya tsira sau biyu. Bayan dokar 1873 da ta ba da damar rushe fadodin sarakuna, an yi gwanjon gine-ginen fadar Matsue a 1875 don a kwashe katako da ƙarfe. Wani tsohon samurai da wani attajirin manomi suka biya yen 180 don a bar babbar hasumiyar. Tana cikin guda 12 kacal da suka rage a Japan da ginin asali. Sannan ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya cinye birane da yawa, bai ƙone Matsue ba. A 2012 aka gano wasu allunan addu'a biyu masu ɗauke da shekarar 1611 a wani wurin bauta da ke kusa, aka gwada ramukan ƙusarsu da na ginshiƙan hasumiyar suka dace, wannan ya taimaka aka sa ta cikin manyan kayan tarihin ƙasa a 2015. Gwalalon ma ba a cike shi an yi titi ba, tun 1997 ƙananan jiragen ruwa suke zagawa da baƙi a cikinsa.

Abin da yake cin irin waɗannan garuruwa yanzu ba wuta ba ce. Mutanen lardin Shimane sun haura dubu 900 a 1955, amma a ƙidayar 2020 ba su kai dubu 700 ba, matasa sun tafi Osaka da Tokiyo. Binciken gwamnati na 2023 ya sami gidaje wajen miliyan 9 da ba kowa a ciki a faɗin ƙasar. Mai yawo a tsofaffin layukan kasuwa zai wuce shago a buɗe, ya wuce biyu a rufe, kuma sai lokacin Obon ake ganin yara a wasu gidajen, idan 'ya'ya sun kawo jikoki ziyarar kabari.

Shi kansa Hearn wata 15 kawai ya yi a garin. Sanyin hunturu ya kwantar da shi, ga kuma nauyin dangin Setsu, don haka ya karɓi aiki mai albashi mafi tsoka a Kumamoto. Ya tashi a watan Nuwamba na 1891, ana cikin annobar kwalara, makarantu a rufe, duk da haka ɗalibai wajen 200 suka rako shi har bakin jirgi kusa da gadar. A 1896 ya zama ɗan ƙasar Japan da sunan Koizumi Yakumo, ya rasu a Tokiyo a 1904. Gidansa na Shiomi Nawate yana nan da lambunsa, kuma a gidan tarihin da ke maƙwabtaka da shi an ajiye teburin rubutunsa, wanda aka yi wa dogayen ƙafafu don takarda ta zo daf da idon da ya rage masa.